Gaiwa a Randar Malamai

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Alhaji Bakari; shugaban makaranta, Malam Shu'ibu; malamaina; iyayenmu maza da mata; da jama'ar da ke leƙe ta taga, barkanku da zuwa.

Sunana Kamila Misbahu, 'yar aji biyar a sakandare. Na gode da kuka yarda ku saurare ni kafin ku yanke shawarar rufe ajin Asabar, inda nake koya wa 'yan aji biyu na firamare ma'anar kalmomi.

Na farko, na tarar yaran nan suna rera ma'ana kamar waƙa, amma in ka ce su nuna abin, sai su nuna rufin aji. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sai na ce duk kalmar da muka koya, a kawo abin a gani.

Na biyu, sun ji magana fiye da yadda na zata. Da muka koyi "bijimi", Hamman ya koro na babansa har bakin allo. Da muka koyi "dattijuwa", Yagana ta jawo kakarta, Iya Barira, ga ta can. Ta zauna, ta ce, "Ke 'yar nan, in an gama kallona a ba ni goro."

Na uku, gaiwa. Bunu ya kawo curin busasshiyar laka daga fadamar Baturiya, ya ce kifi na barci a ciki. Yara suka ƙaryata shi. Don ya wanke kansa, ya jefa curin a randar malamai. Ran Litinin Malam Shu'ibu ya zura moɗa, ya ɗebo gaiwa da ranta. Sauran labarin duk unguwa ta ji, domin Malam, masha Allah, yana da murya.

Amma iyayena, yau babu yaron da bai san gaiwa ba. Mun wanke randa. Mun haramta kawo duk mai numfashi, ban da Iya Barira.

Kalmar mako mai zuwa ita ce "afuwa". Ba ta shiga buhu, ba a koro ta da sanda. Yaran sun tambaye ni wa zai kawo ta, na ce Malam Shu'ibu, in Allah ya yarda. Ga su can a taga suna jira.

Allah ya albarkaci zuri'armu, ya cika fadamarmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.