Ranar da Birkin A-kori-kurata Ya Nutse

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salamarsa ta zauna tare da ku da gidajenku.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Yakubu. Yau kun gan ni da furfura da sanda, amma a da ni direba ne. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura fara, da ita nake kwasar mutanen ƙauyenmu na wajen Gagarawa zuwa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Kai, zamani ya wuce! Buhunan riɗi da zoɓo a ƙasa, mata a kai suna rera waƙoƙin sujada tun daga ƙofar coci har mu wuce Gumel. Matata Rifkatu, wadda ta riga mu zuwa wurin Ubangiji, ita ke zama gaba kusa da ni da kwanon fura a cinyarta.

Amma ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ina shan ƙwaya. Na fara ne don in kori gajiya in ƙara sawu, daga baya ta zame mini jiki. Idan na sha, ba na jin tsoron komai, ba na jin maganar kowa. Ran Lahadi ina cikin coci da riga mai guga, ƙwayar kuwa tana aljihu.

Wata rana na ji birkin motar ya yi laushi. Da can da na ɗora ƙafa yake kamawa, yanzu sai na taka sau biyu ko uku. Na duba man birki, na ga ya ragu, na ƙara. Bayan kwana biyu ya sake raguwa. Maimakon in nemi inda yake tsiyaya, sai na dama ruwan sabulu na zuba, yadda na ga wasu direbobi suna yi.

Rifkatu ta lura. Ta ce, "Baban Lami, me ya sa ƙafarka take ta rawa a kan birki kamar mai ɗinki?"

Na ce, "Ke da me kika sani a mota? Ki sha furarki."

Har yau wannan amsar tana ci mini rai.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, motar cike take da matan zumunta na cocinmu. Mun kusa shiga Maigatari da hantsi, ina gudu, sai ga garken shanu ya cika titi, ga babbar mota tsaye a gefe ana sauke kaya. Na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa, ba abin da ya tare ta! Na sake takawa, na sake. Wayam!

'Yan'uwa, ƙwayar da na sha da safe ta gudu ta bar ni a wannan lokacin. Hannuna ya mutu a kan sitiyari. Sai na ji Rifkatu ta kama kafaɗata ta yi ihu, "Yesu, ka cece mu!" Ni ma na ɗauka da dukan muryata, "Yesu! Yesu!"

Ban san yadda hankalina ya dawo ba. Na sauke giya, na ƙara saukewa, na ja birkin hannu a hankali, na karkata motar cikin yashin ɗaya gefen hanyar. Ta yi ta haƙa har ta tsaya, hancinta dab da wani bijimi. Ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Halleluya!

Matan suka sauko suka durƙusa cikin yashi suna kuka suna godiya. Ni kuwa na kasa fita. Na san ba tsautsayi ba ne, ni ne na ɗauko rayukan mutane na ɗora a kan ruwan sabulu.

Washegari aka jawo motar zuwa Gumel, wurin Malam Sale makanike. Tsofaffin direbobi za su tuna shi: dattijo Musulmi, gajere, garejinsa a gindin wata darbejiya, butarsa kullum kusa da akwatin sifanu. Ya buɗe murfin man birki, ya tsoma yatsa ya shinshina. Ya daɗe yana kallona.

"Yakubu, wanki kake yi a cikin birki?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce in shiga in taka birkin sau da yawa. Na taka, ya ɗan yi tauri. Ya ce, "Iska ta shiga. To riƙe shi, kada ka saki." Na riƙe, sai ƙafata ta riƙa nutsewa sannu a hankali. Ya ce, "Ka ji? Robobin famfon birki sun mutu, sabulunka ya cinye su. Saura mu ga ta inda man yake fita."

Ya kwanta a kan buhu ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. A tayar baya ta dama ya kira ni. Ga tiyon birki ya tsage, jikinsa sharkaf. Ɗan abu, bai kai tafin hannuna tsawo ba.

Ya sake tiyon, ya sake robobin, ya wanke layin tas ya zuba man kirki. Da aka zo cire iska ya ce aikin mutum biyu ne, kuma ni yake so a ƙasa in gani da idona. Sai ya dubi Rifkatu, wadda ta kawo mana abinci.

"Uwargida, ko za ki taya mu?"

Ta hau kujerar direba, ƙafarta da ƙyar take kaiwa. Malam Sale yana kwance yana kira, "Taka! Taka! Riƙe!" Ya kwance ɗan noti, man ya fito da kumfa, ya ɗaure. "Saki!" Haka muka bi tayoyi huɗu, daga wadda ta fi nisa da famfon birki, har man ya fito garau. Rifkatu tana ta dariya, wai yau ita ma ta zama makanike. Ina jin dariyar nan a kunnena har gobe.

Da muka gama, Malam Sale ya ja ni gefe. Ya ce, "Mota na gyara ta. Amma idonka ja ne. Na san abin da kake sha. Ka je ka roƙi Allah ya raba ka da shi, wannan ba ni da sifanarsa."

Da la'asar muna isa gida na zazzage aljihuna a gaban Rifkatu. Na faɗa mata komai, har batun sabulun. Ba ta yi mini gori ba. Ta shimfiɗa tabarma muka durƙusa. Na ce, "Ubangiji, na kusa kashe bayinka. Ba ni da ƙarfin bari. In ba ka cire mini ba, ba mai cirewa." Na yi kukan da ban taɓa yi ba tun ina yaro.

Bari bai zo da sauƙi ba. Na yi makonni ina zufa, jiki yana ciwo, fasto yana zuwa yana addu'a, Rifkatu tana dama mini kunu. Amma tun daga ranar nan, ƙwaya ba ta sake shiga bakina ba. Yabo ga Yesu! Ran Lahadi na tsaya a gaban matan zumunta na roƙi gafara, suka yafe.

Malam Sale ya rasu. Darbejiyar ma an sare ta, shago ne a wurin yanzu. Motar ta tsufa na rabu da ita. Ina kewarsu ƙwarai, amma ba da baƙin ciki nake tuna su ba.

Ku dubi Tabita, wadda ta jagoranci waƙa da safen nan. Tana cikin cikin mahaifiyarta a bayan motar nan ranar da muka shiga yashi. Duk sa'ad da ta buɗe baki tana yabo, ni na san daga ina aka fisgo ta.

Na gode wa Allah da ya ji kukanmu a kan hanyar Maigatari. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, abin da kake ɓoyewa a aljihu, kada ka jira sai ya kai ka bakin mutuwa. Fito da shi yau, ka miƙa wa Yesu, ka dogara gare shi. Ya karɓe nawa, zai karɓi naka. Amin.