Ba Zan Bar Sahun Gaba Ba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kin wuni lafiya. Ni ne Sale daga Dingaya, ƙaramar hukumar Gwaram.

Bara da kaka ina yankan shinkafa, lauje ya kuɓuce ya tsinka min agara, jijiyar nan ta bayan dunduniya. Aka kai ni wajen mai ɗori, ya ɗaure ƙafar da karare, ya yi tofi, ya ce in kwanta. Ƙashi lafiya lau, me zai ɗora? Da aka kwance, ƙafar sai lilo take.

Ƙanena Habu ya goya ni a babur zuwa asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ɗinke jijiyar, ya shimfiɗa mata wani ɗan ƙyalle mai kama da raga. Ya ce nama zai tsiro a kansa, shi kuma ya narke. Yau da ƙafata nake zuwa gona.

To, wai yanzu 'yan majalisarmu ta hira na cewa an cusa min roba, alwalata ba ta yi, in koma sahun baya. Malama, lokacin da nake rarrafe zuwa masallaci, wa ya kama ni a cikinsu? Wallahi ba inda zan matsa!

Ina roƙon malamai masu sauraro su yi mana bayani a fili. Ki gaishe min da Habu. Su kuwa 'yan majalisa, gobe da asuba su riga ni sahun gaba in sun isa.