Haƙorin da aka dasa mini a kasuwar Dahomi

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ne Ishaya, ɗan mai bishara. In kun ji fito cikin maganata ku yi haƙuri, ba da gangan ba ne.

Wautata ƙarama ce. Ranar bikin mulkin kai aka raba mana lemun kwalba a makaranta, babu abin buɗewa. Na ce wa yara su ja baya su ga namiji. Na sa haƙori na murɗa. Marfin yana nan daram, haƙorin gaba ne ya fito.

Kakata ta ce kada in bari ƙadangare ya ga giɓin, in ya gani ba zai tsiro ba. Ta manta na wuce shekarun famfara. Na riƙa rufe baki a gindin kowace katanga ta Bagudo, har ƙadangarun suka fara gaishe ni. Ko tsinke bai tsiro ba. Yara kuwa suna ta cewa, “Ishaya, buɗe muna ƙofar gari mu wuce.”

Baba ya ce in jira kaka a yi girbi, zai kai ni babban asibiti likita ya sa mini wani. Ban jira ba. Na ji masu jakuna suna labarin wani mutum a kasuwar tsallaken iyaka, wai yana dasa haƙori kamar rogo. Na kama zabuwar Inna na ɓoye cikin buhu, na ce za ni Kende wurin gwaggona, na bi su.

Na miƙa wa mutumin zabuwar, ya zazzage haƙora daga gwangwanin madara ya zaɓi ɗaya.

Na ce, “Malam, wanga na wa ne?”

Ya ce, “Mai shi ya gama da shi. Buɗe baki.”

Ya tsaga dasashina da 'yar wuƙa, ya cusa, ya ɗaure shi da waya jikin na gefe biyu. Na dawo da haƙori irin na jaki, amma ban yarda a gani a gida ba.

Ba a daɗe ba kumatuna ya kumbura ya yi kabewa. Na ce hangum ne. Zazzaɓi ya kwantar da ni, ko kunu ba ya wucewa, bakina yana wari har ƙuda na bina. Da na hango Inna tana kuka a bayan rumbu, wasa ya ƙare mini. Na san mutuwa nake yi, ƙarya kuma tana bakina.

Baba ya durƙusa gefen tabarmata da safe ya ce, “Ishaya, mi zan roƙa maka? Ba ni son in ce ma Allah hangum in ba hangum ba ne.”

Na buɗe baki na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Bai zage ni ba. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, “Ya Ubangiji, ga ɗanka da wautarsa, ka karɓe su duka.” Ni ma na yi kuka na roƙi gafara, tsoron nan ya sake ni.

Ya ɗaure ni a bayan kekensa da zanen Inna har ɗakin magani na mishan. Malamin magani ya warware wayar, ya cire haƙorin, ya matse ruwan ciwon, ya yi ta yi mini allura. Ya ce saura kaɗan dafin ya shiga jini. Allah ya tashe ni. Yabo ga sunansa!

Amma abu ɗaya yana damuna. Inna ta ɗora ɓatan zabuwarta kan karen maƙwabcinmu Bafillace, har aka yi cacar baki aka kori karen daji. Na je na faɗi gaskiya, mai karen ya yafe mini, amma karen bai dawo ba.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. 'Yan'uwa, in an ce ku jira, ku jira, ku dogara gare shi, kada ku kai masa ƙarya cikin addu'a.

Da kaka ta yi, Baba ya cika alkawari ya kai ni asibitin. Likita ya ce dasashin ya lalace, ba abin da zai zauna a kai yanzu. Na gefe biyun da aka ɗaure da waya su ma sun ruɓe, ya cire su. Haƙori ɗaya na je nema, uku ne babu.