Takardun da Na Naɗe Kofuna da Su

Babur ɗina na sayar na tafi, Habu, ni ba wanda ya sayar mini da gona kamar yadda ubanka ya yi maka. Matso nan, ku ma ku matso. Kai kuma kashe wayar nan kafin in kwaɗa ta da bango. Tunda jibi za ka hau jirgin Riyad, akwai saƙon da zan ba ka, amma sai ka ji asalinsa tukuna.

Na sauka garin ina taƙama Larabcin islamiyya zai fisshe ni. Ina! Aka kai ni gaban mudir, wato shugaban siton da zan yi aiki a unguwar Sulai, na gyara murya na zuba masa gaisuwa irin ta littafi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yalla, yalla, shil kartun!" Wai maza ɗauki kwali. Shekara shida na yi, Larabcin da na ci abinci da shi ke nan: yalla, kartun, mafi mushkila. Kowa mafi mushkila, wai ba matsala, alhali matsalar ce ta yi mana katutu. Sulai kuma ba Riyad ɗin da kuke gani a waya ba ce. Sito ne da gareji da ɗakunan lebura, mu shida a ɗaki, gado kan gado, esi yana tari kamar tsohuwar akuya.

A shekara ta biyu ƙarfe ya datse mini yatsa, wannan da kuke gani a karkace. Aka kai ni wani asibiti a Suwaidi. Likita na ɗinki, na ƙwalla, "Wayyo Inna!" Sai ya ɗago ya ce, "Yi haƙuri Malam, Inna ta yi nisa." Wallahi na manta da zafin. Shi ne Dakta Nura, mutumin Funtuwa. Daga ranar, duk Juma'a gidansa nake cin tuwo, ni lebura, a faranti ɗaya da shi. Yana da 'yar ƙaramar yarinya, Hanan, haifaffiyar can. Ka ce mata "ina kwana", ta ce maka "tamam". Muna dariya, amma na lura shi abin yana cinsa a rai.

To, wata shekara zai canza asibiti, dole ya saki gidan, kuma zai zo Nijeriya hutun wata biyu. Kayansa duka ya kai ma'ajiya, sai kwali ɗaya ya kawo mini har Sulai da kansa, yana rungume da shi. Ya ce, "Malam Ilu, wannan ban yarda da kowa a kansa ba sai kai. Kada ruwa ya taɓa shi, kada zafi." Na ce, "Likita, ka ɗauka yana cikin aljihunka."

Haris, mai gadin ginin namu, wani jarababben mutum da bai taɓa iya faɗin sunana ba, ya leƙo ya gani.

"Ya Elo! Kartun barra!" Wai a fitar da kwalin waje.

"Amana ce."

"Amana barra!"

"Kai ne dai barra, ɗan neman fitina!" Wannan da Hausa na faɗa, ina murmushi, ya zaci yabo ne. Na tura kwalin ƙarƙashin gado.

Da na bar shi a nan, da yau ba wannan hirar muke ba. Amma kun san ni da son ganin ƙwaƙwaf. Nauyinsa ya dame ni, na ce takardun digiri ne ko na filaye. Na ɓanɓare salatif. Me zan gani? Wasu siraran littattafan zane na yara, na Turawan Ingila, jibgi guda, kowanne a cikin ledarsa mai kauri da farin kwali a baya. Ciki kuwa mutanen ƙarfe ne, ƙatti, gida biyu, suna ta yaƙi ba ji ba gani. Wannan ya naɗe hannuwa ya koma mota, wancan ya baje ya koma jirgin sama, a harbe wannan kai ya fita, a shafi na gaba an ɗaura masa wani. Na ce su ma dai 'yan ci-rani ne irina, da safe direba, da rana ɗan dako. Takardun sun tsufa sun yi ja, kuma ko'ina an bi an yi jagwalgwalo da fensir. Na ce, "Oh ni Ilu, ashe likitoci ma suna tara shara." A raina na yanke cewa na Hanan ne, ta gama ɓata su.

Lokacin Sallah ta gabato, kowa na haɗa kago, wato kayan da za a aika gida. Gwaggonku Lami ta ishe ni da maganar kofunan shayi masu bakin zinare, na je kasuwar Batha na sayo mata saiti har da buta, da kwalaben turare. Mai kago ya ce in naɗe su da kyau, in ba haka ba gari za su isa Kano. To da me zan naɗe? Tsofaffin jaridu na nan birjik a sito, amma na Larabci ne. Ba shafin da za ka buɗe ba ka ga sunan Allah ko aya ba, ko a sanarwar rasuwa. Mu da aka raine mu in mun ga takarda mai Larabci a ƙasa mu ɗauka mu soka a bango, ya za a yi in dunƙule ta in cusa a kofi? Sai na tuna da aljanun ƙarfen nan na Nasara. Na ce alhamdulillahi, ga takardar da ba zunubi.

Biyu na yi niyyar ɗauka. Biyu suka zama goma. 'Yan ɗakinmu suka gani, kowa da nasa kayan masu fashewa, ni kuma uban gayya na yi ta rabo kamar sadakar Juma'a. Kuma ku ji wauta: ledojin na adana! Su na ga sun yi kama da abin daraja. Na goge su, na jera, na mayar cikin kwalin, ina ganin na riƙe amana.

Likita ya dawo, har da tsarabar kilishi da daddawa ya kawo mini. Ran Juma'a na ɗauki kwalin na kai sabon gidansa. Tun daga yadda ya karɓa ya ji ba nauyi fuskarsa ta canza, amma ya riga ya kira yarinyar. "Hanan, zo ki ga kakanki."

Ya buɗe. Leda, leda, leda.

Na fara surutu, kofuna ne, jaridun Larabci ne, ai zan saya wa yarinya sababbi masu kyau a Batha. Ya zauna a ƙasa. Can ya ce mahaifinsa karatu ya kai shi Ingila, a can shi Nura ya tashi. Duk mako uban zai saya masa guda a shagon bakin layi. Da ya ga Hausar yaron na gudu, sai ya riƙa bin duk maganar da mutanen ƙarfen suka yi yana rubuta ta da Hausa a ƙasa, su zauna su karanta tare. Shekarar da suka dawo gida uban ya rasu. Ba wasiƙa, ba littafi, ba wani abu da ya rage da rubutun hannunsa sai waɗannan. Jira yake Hanan ta iya haɗa baƙi ya koya mata Hausa da su.

Sai ya dube ni ya ce, "Malam Ilu, rubutun fensirin nan da Hausa ne fa. Ba ka karanta ko layi ɗaya ba?"

Na iya karatun boko, kun sani. Ban duba ba ne kawai. Na raina abin, shi ya sa ban duba ba.

Da ya zage ni da na ji sanyi. Bai zage ni ba. Cewa ya yi a kawo tuwo, na kasa kai loma. Na fito na bugo wa Lami na tambaye ta takardun, ta ce, "Takardun aljanun nan? Ai na hura gawayi da su, suna kamawa da kyau." Na 'yan ɗakinmu kuwa sun watsu, wasu Sakkwato, wasu Maraɗi. Juma'ar da ta biyo ban je ba. Ya kira ni sau biyu ina kallon wayar har ta katse. Kunya ta hana ni, kuma wannan ya fi yaga takardun ci mini rai. Haka na ƙarasa shekaruna na dawo, ban yi masa sallama ba.

To, watan jiya Lami na kwashe kabad, ta sauko da butar shayin nan da ba a taɓa amfani da ita ba. Na buɗe murfi, sai ga takarda a dunƙule a ciki. Shafi ɗaya. Na shimfiɗa ƙyalle a kai na bi da dutsen guga a hankali. Ledar kuwa ina da guda da na ɗauke tun lokacin, a ciki nake ajiye hoton iƙamata, takardar zama ta can. Ga shi nan. Wanke hannunka tukuna, kai! Ka ga wannan koren, rabinsa tanka rabinsa mutum, yana jan ɗan'uwansa da aka karya wa ƙafa. Yanzu duba gefe, can ƙasa, fensirin ya dushe. Wannan karon na karanta, na karanta har na haddace: "Nura, karanta da ƙarfi, Baba yana ji."

Sa shi cikin ambulan ɗin nan tare da fasfo ɗinka, kada ka lanƙwasa, kada ka sa a kago. Na rubuta maka sunan asibitin a bayan ambulan. Hannu da hannu za ka ba shi. Idan ya tambaye ka ina nake, ka ce ina nan, ga lambata ta nan gida, kuma in ya kira zan ɗauka.