Basilla Ashirin

A bakin tasha, a rumfar wata tsohuwa mai sayar da zare da allura, na ji wani mutum ya ce a ba shi basilla ashirin da zare mai ƙarfi.

"Ashirin! Ɗana, kai baduku ne?"

"Direba ne, Inna. Hatsin agaji nake kaiwa ƙetaren kogi, inda ambaliya ta cinye."

"Can inda ake yaƙin? To me ya haɗa direba da basilla?"

"Shinge tara ne a hanyar, biyar na wannan ɓangaren, huɗu na wancan. Duk inda na tsaya sai sun soke buhunan da wuƙa, wai ko mun ɓoye makamai. Mu kuma mu yi ta ɗinki."

"Sun taɓa samun wani abu?"

"Ko tsinke. Ni ma abin ya ɗaure min kai, sai ran nan na duba madubi bayan na wuce. Wallahi a tsugune na hango su, bindigogi a ƙasa, suna tsince hatsin da ya zube."

Tsohuwar ta miƙa masa zaren.

"A cikinsu ka taɓa ganin wani dogo, bahago, mai wushirya? Autana ne."

"Inna, wa ke kallon haƙoran mai bindiga? Wane ɓangaren yake?"

"Ina na sani? Shekara biyu ke nan rabona da shi."

Ta janye zaren da ta miƙa masa, ta ɗauko wani siriri.

"Wannan ai ba ya riƙe buhu, Inna."

"Na sani. Da shi za ka ɗinke."