Kunyar Naƙuda Ta Kusa Raba Ni da Ɗana

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaishe ki da masu sauraro. Ni ce Rabi daga Zango, Damagaram.

Cikina na fari ya shiga wata tara aka yi mini analiz, wato gwajin asibiti. Ungozomar asibiti ta ce ina ɗauke da ƙwayar cuta, streptokok B. Na ce, "Ni da ko ciwon kai ba na yi?" Ta ce jariri take kamawa wajen fitowa, don haka naƙuda na farawa in zo a sa mini magani ta jijiya.

Na tafi haihuwa gidanmu a Mirriya. Faya ta fashe da hantsi, na yi shiru, don a gidanmu mai cikin fari ba ta faɗin naƙuda. A ɗaki na haihu, Innata har da guɗa, wai na yi jarunta.

Washegari yaro ya ƙi nono, yana nishi, jiki zafi rau. Innalillahi! An yanka ragon suna yaron yana kwance a asibiti, cutar nan ta kama shi. Da ƙyar ya tashi.

Yanzu cikin ƙanwata ya tsufa, Inna tana ce mata ta yi koyi da ni. Hajiya, Inna ba ta fashin jin shirinki. Don Allah ki gaya mata ɓoye naƙuda ba jarunta ba ne.