Jariri Mai Haƙuri

'Yardada: Salamu alaikum. Husaina, kina ji na?

Husaina: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina yini? Ya mutanen Madabo?

'Yardada: Lafiya ƙalau. Ya aikin asibiti? Ya maigidan?

Husaina: Alhamdu lillahi. Ya mai jego? Ina angona, Mikail?

'Yardada: Yana barci.

Husaina: Kullum barci! Yaron nan akwai haƙuri, tubarkalla.

'Yardada: Haka duk 'yan barka suke faɗa. To ni haƙurin nan ya fara ba ni tsoro. Tun hantsi bai kama nono ba.

Husaina: Tun yaushe? Muryarki tana yankewa.

'Yardada: Tun hantsi! Ga shi an kira la'asar. Kuma ɗazu na je wanke filas ɗinta na kunun kanwa, na ji warin maganin tari. Da ta shiga wanka na leƙa jakar kayan barka. Husaina, kwalabe bakwai, duk an shanye.

Husaina: Innalillahi! Kodin? Ikram ɗin?

'Yardada: 'Yar taki.

Husaina: Me ta ce da kika tambaye ta?

'Yardada: Haba, ni? 'Yar fari ce fa. Ko sunanta ban taɓa kamawa ba, ta ina zan fara? Shi ya sa na kira ki, ke ce uwarta.

Husaina: Yaya, ke kika haife ta!

'Yardada: Tun ɓarin da ta yi bara nake ganin idonta ya canza. In ta zo gida sai ta kwanta ta juya wa mutane baya. Na so in tambaye ta, kunya ta hana ni. Na ce kar a ce na cika son 'ya. Ina jin ƙawaye ne suka koya mata shan abin nan, wai maganin damuwa. Wallahi tausayinta nake ji, ban ma iya yin fushi ba.

Husaina: Allah sarki. To saurara. Abin da take sha yana bi ta nono, shi yaron yake tsotsa. Barcin nan ba na haƙuri ba ne. Ki shiga ɗakin yanzu ki tashe shi.

'Yardada: In dangin mijinta suka ji an kai shi asibiti saboda wannan, aurenta fa...

Husaina: Ran yaro nake yi miki magana! Shiga, kar ki kashe wayar.

'Yardada: To... na shiga. Mikail. Mikail! Jikinsa ya saki, Husaina!

Husaina: Murza tafin ƙafarsa. Da ƙarfi! Yana numfashi?

'Yardada: Yana yi, a hankali. Ya ɗan motsa... ya sake rufe ido.

Husaina: Ku tari ɗan sahu ku taho asibitinmu, ina bakin get. Kar ta ƙara ba shi nono. Ki zo da kwalba ɗaya likita ya gani. Wa ke kuka haka?

'Yardada: Ita ce. Ta ga kwalaben a hannuna, ta durƙushe, wai in yafe mata.

Husaina: Ba ni ita in yi mata magana.

'Yardada: A'a, bari. Ni zan yi. Taso, 'yata, share hawayenki. Ɗauko mayafinki, ni zan riƙe yaron. Tare za mu shiga wajen likitan, duk abin da za a faɗa a faɗa mana mu biyu. Husaina, ga mu nan.